Sanarwa: Fita kallon taurari a Duwatsun Shere

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi.

In Allah ya yarda, daren 13 ga Disamba za mu fita Duwatsun Shere da ke kusa da Jos kallon ruwan taurarin Geminids, wato hasken da ke gilmawa a sama kamar taurari suna faɗowa. A cikin gari, tun da fitilun sola suka cika tituna, ko Kaza da ƴaƴanta da ƙyar ake hangowa.

Haɗuwa a Terminus bayan sallar isha'i. Kuɗin mota naira 3,000, a miƙa wa ma'aji kafin 10 ga wata.

Kowa ya zo da rigar sanyi da tabarma, kun dai san Jos. Tocila kuma a rufe bakinta da jar leda. Don Allah banda kunna waya, domin ido sai ya yi kusan minti 20 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya ya ɓata wa kowa.

In hazo ya yi kauri, za mu sanar.

Allah ya kai mu lafiya.