Shanu uku da makiyayan Faransa ke bai wa maƙwabtansu duk shekara

Malam Edita, ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan ƙauyukan Faransa, saboda da yawanmu in an ce Faransa sai Paris kawai ke faɗo mana a rai, alhali can akwai makiyaya na gaske masu kora tumaki da shanu kan tsaunuka in ciyawa ta fito, su sauko kafin sanyi ya kama, kuma yawancin makiyayar da suke hawa ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce ko ta ƙauyuka da yawa a haɗe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na tsaunukan Pirene a iyakar Faransa da Sifaniya. Mutanen kwarin Baretus na ɓangaren Faransa da na kwarin Ronkal na ɓangaren Sifaniya sun daɗe suna rikici kan ciyawa da wurin shayar da dabbobi, har aka zubar da jini. A 1375 aka yi musu sulhu, kuma har yau duk 13 ga Yuli shugabannin ƙauyukan ɓangarorin biyu suna haɗuwa a kan dutsen iyaka, su ɗora hannuwa ɗaya kan ɗaya su yi alkawarin zaman lafiya, sannan 'yan Baretus su kawo karsana uku lafiyayyu, likitan dabbobi ya duba haƙora da ƙaho a gaban kowa. Yanzu kuɗin shanun ake biya, shanun kuma su koma gida, amma ba a daina hawa tsaunin ba. Wallahi wannan ya burge ni matuƙa, sama da shekara ɗari shida fa! Ni a ganina ba wai zuciyarsu ta fi ta kowa kyau ba ne, a'a, sun ƙi yarda ne takarda ta kwanta a akwati, sai an zo ido da ido duk shekara.

Gwamnatin Faransa ma ta sa hannu, a 1972 ta yi dokar da ta ba makiyaya damar haɗa ƙungiya su ɗauki mai kiwo ɗaya su biya shi tare, masu filaye su ma su haɗa nasu wuri guda.

To amma kar a ɗauka babu tsegumi. 'Yan birni suna sayen gida a ƙauye sannan su kai ƙara kotu wai ƙararrawar wuyan saniya ko carar zakara ta hana su barci, har wani zakara mai suna Moris ya yi nasara a kotu a 2019, a 2021 kuma majalisa ta yi dokar kare sauti da warin karkara. Ni dai ina bayan makiyaya a nan ɗari bisa ɗari, ka tarar da mutane da dabbobinsu tun kaka da kakanni ka ce su yi shiru? Ga kuma kerkeci da ya dawo Faransa tun 1992 yana ɓarna a garke, dole suka koma ajiye manyan karnuka, karnukan kuma suna tsorata masu yawon buɗe ido, ga wata sabuwar rigimar da har yanzu ake kai ruwa rana a kanta.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.