Wasiƙa zuwa Manchester: kar ki biya kuɗin abincin nan tukuna

Assalamu alaikum, mutuniyar.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Dakta da yarana duka. Ya Hajiya da jiki? Ƙafar ta lafa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Atlanta lafiya lau, sai zafi da ya fara leƙowa.

Wato sai da zancen abinci ya taso kika tuna ina duniya. Tun ƙaramar sallah ban ji ɗuriyarki ba, kwatsam sai ga saƙon murya, kina magana kina suya, ƙarar mai ta cinye rabin zancen. Na dai tsinci abin da kike nufi: mai haɗa muku tafiyar Orlando ya ce ku ɗora tsarin abincin Disney a kai, a biya tun daga gida, kuma yana jiran amsa kafin ƙarshen mako. Shi ya sa na ajiye guga na zauna rubuta maki, don in na kira ki hira ce za ta kwashe mu har a kashe waya ba mu taɓo maganar ba.

Kar ki biya tukuna. Ki karanta wannan, ki miƙa wa Dakta shi ma ya karanta, tunda shi ne mai aljihun.

Ga yadda abin yake. Ba kowa ake sayar wa ba, sai wanda ya kama ɗaki a otal ɗin Disney kansu. Sun dakatar da shi a 2020 lokacin korona, suka dawo da shi a Janairun 2024, iri biyu. Ƙaramin, kowane mutum yana da abinci biyu na kanta, irin wanda za ki yi oda ki ɗauki tirenki ki nemi wurin zama, sai abin ƙwalama ɗaya. Babban kuma ɗaya na kanta, ɗaya na zaune inda ma'aikaci zai zo ya kawo muku, da abin ƙwalama ɗaya. Kowa ana ba shi kofin roba na ɗibar lemo da shayi. Kuma da daren da kuka kwana ake lissafi: dare bakwai, kaso bakwai. Abin da ya rage bayan tsakar daren ranar da kuka bar otal ya tafi ke nan, ba a mayar da ko sisi.

Lokacin da suka dawo da shi a 2024, ƙaramin yana kan dala 57 ga babba, 24 ga yaro, duk dare. Babban kuma dala 94 da 30. Tun daga nan an ɗan ƙara, ki sa mutumin ya rubuto maki farashin yau, kuma ya ware maki kuɗin abincin daban da na ɗaki da na shiga, kar ya dunƙule su.

To ga inda gizo ke saƙar a gidanki. A wurinsu yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9. Yana cika 10 ya zama babba. Ɗan farinki, wanda har yau kike kunyar kama sunansa ko a Ingila, ya wuce nan tuni. Takwarata kuma ta cika goma a watan azumi, ni na aika mata da abaya, ba zan manta ba. Yarinyar da za a yi ta lallashi kafin ta gama rabin faranti, ita za ki biya wa kuɗin ƙato. Auta kaɗai zai shiga a farashin yara. Manya huɗu ke nan da yaro ɗaya: a farashin 2024, a babban tsarin dala 406 duk dare, mako guda dala 2,842. A ƙaramin 252 duk dare, mako guda 1,764. Kuma ba a zaɓe, duk wanda sunansa ke kan ɗakin sai an biya masa, iri ɗaya da na kowa.

Nan ne Hajiya ta faɗo min a rai. In har da ita za a yi tafiyar, matar da ba ta sakin azumin Litinin da Alhamis, wadda in ta sha kunu da safe sai dare, ita ma kuɗin babba za a caje ta. Sannan kun zama shida, kuma daga mutum shida suke ɗora tukwicin ma'aikaci kashi 18 cikin ɗari a kan takardar kuɗi kai tsaye. Wannan tukwicin ki sa shi a ranki ko ku nawa ne, don ba ya cikin abin da kika biya tun farko. A Amurka ma'aikacin da ya kawo maki abinci da tukwici yake rayuwa, kashi 18 zuwa 20 ake bayarwa, kuma haƙƙinsa ne, ni ba na son a tauye su. Amma a kan cikakken farashin abin da kuka ci ake lissafa shi. Duk zaman da kuka yi, sai Dakta ya sake zaro kati, bayan an ce masa an gama biya.

Af, tunda na ambaci Hajiya. Don Allah ki zazzage jakarta da kanki kafin ku fito. Na san ba ta taka ko nan da can ba kilishi da dambun nama a ƙulle cikin zani. Kwastan na Amurka ba sa wasa da nama, ƙwacewa suke yi, in kuma an tambaya aka ce babu sannan suka gani, tara ce. Duk abin ci da kuka ɗauko, ko yaji ne, ku faɗa musu da bakinku. Kin tuna abin da ya sami Yaya Babba da ƙullin daddawarta, har yau in aka tayar da zancen sai ta bar ɗakin.

Mu koma. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin sha. A tsarin nan duk wanda ya kai shekara 21 yana da damar ɗaukar giya a kowane cin abinci, kuma kofi ɗaya a can yana haura dala 10. Masu cin riba a tsarin da ita suke cike lissafinsu. Ku kuwa ruwa da lemo za ku sha, in an yi sa'a wurin yana da madarar kankara ko markaɗaɗɗen 'ya'yan itace ku canza da shi. Kuɗin dai iri ɗaya za ku biya da mai sha. Sai nama. Hanyar mayar da dala 94 a rana ita ce ki riƙa zaɓar mafi tsada a takardar abinci, galibi tsokar naman sa. Na san Dakta, in bai tabbatar da yankan ba ko kallo ba ya yi. Ƙarshenta kifi da taliya da ganye za ku yi ta ci, taliya da ganye kuwa su ne masu araha. Akwai wuraren da ake iya neman na halal in an sanar da wuri, kuma suna sa alamar ɗan ganye a jikin abincin da babu nama ko kayan dabba a ciki, wannan ya taimake mu ƙwarai. Suna da kirki wajen amsa tambaya, a gidajen zaune har mai girkin yakan fito ya yi maki bayani. Amma ki lura da karin safe, naman alade yana yawan raɓar ƙwai da dankali, ki riƙa tambaya kafin a zuba wa yara.

Da muka je, Abban 'yan biyu ya zauna da biro ya buga lissafin tun a gida, muka bar tsarin. Plate ɗin kanta da lemo kamar dala 15 zuwa 20 muka riƙa saye, kuma suna cika faranti, ni da Ƙarama ɗaya muke rabawa mu ƙoshi. Ki ninka biyu ki ɗora askirim, da ƙyar ki kai 57. Maƙwabtanmu kuwa, waɗanda na taɓa ba ki labarin karensu, sun saya kuma sun ji daɗinsa, suna ta yaba shi. Yaransu duka ƙanana ne, su kuma iyayen suna sha, suna cin komai. Su aka ɗinka wa rigar.

Ke kuma a watan Agusta za ku zo, don shi ne hutun makarantar yara a wurinku. Kar ki ce min ke 'yar Kano ce kin san rana. Shekara nawa kina shan yayyafin Manchester, kin yi laushi, hoton da kika sa ranan nan cikin rigar sanyi a watan Mayu na gani. Zafin Florida mai gumi ne, ya kai digiri 33 ga iska a jiƙe, da la'asar kuma hadari ya haɗu a yi ta tsawa. A irin wannan yanayi yara ba sa son abinci mai nauyi, ruwa suke nema da abu mai sanyi. Ruwan ƙanƙara kuwa kyauta ne a wuraren abincin kanta, tambaya kawai za ki yi. Kofin nan da ake ba ku a otal kaɗai yake aiki, in kin shiga filin wasa ba inda za a cika maki shi da lemo.

Ga kuma cin lokaci. Wurin nan gari ne guda, filaye huɗu: Magic Kingdom da aka buɗe tun 1971, sai EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, tsakaninsu sai da bas ko jirgin ruwa ko jirgin dogo. Gidajen abincin zaune kwana 60 kafin zuwa ake fara kama gurbi, masu farin jinin nan da nan suke cika. In kin sayi babban tsarin kin ɗaure kanki da zama ɗaya kullum, a wuri kaza ƙarfe kaza. Auta ya yi barci a keke, manyan suna tsakiyar layin lilon da suka ƙwallafa rai a kai, ke kina duba agogo. In ba ku je ba kuma ba ku soke da wuri ba, dala 10 ce a kan kowane mutum. Ni abin da nake so ki samu a tafiyar nan hutu ne. Shekara biyu kina tsakanin aikin dare da jinyar Hajiya, ban so ki tsallaka teku ki je kina kora yara zuwa teburi don kar kuɗi ya ƙone.

Ban ce ba shi da amfani sam ba. In yara sun nace sai sun ci abinci da su Mickey, irin na Chef Mickey's inda suke zagayowa teburi ana ɗaukar hoto, kuɗin babba a can ya haura dala 60, kuma kaso ɗaya yake ci. Wanda zai yi irin wannan kusan kullum zai mayar da kuɗinsa. Sai dai wasu manyan gidajen, har da wanda ke cikin fadar nan ta tsakiyar Magic Kingdom, kaso biyu suke cinyewa a zama ɗaya. Sannan ku na Ingila akan yi muku garaɓasa a ce abinci kyauta. In haka ne ki karɓa hannu biyu, bayan kin sa an nuna maki nawa ɗakin yake in babu garaɓasar, don sau da yawa mai karɓar abincin kyauta ba ya samun rangwamen ɗaki. Na kuma san akwai kwanciyar hankali a ce an biya an huta, Dakta ba zai riƙa juya dala zuwa fam yana tsaki a gaban yara ba. Wannan ma da maganinsa: ku ware kuɗin abincin ku zuba a katin kyauta na Disney, ku riƙa ci daga ciki, abin da ya ragu naku ne.

Da ni ce ke, ranar da muka sauka zan yi odar burodi, madara, ayaba, cincin da katan ɗin ruwa a kawo otal, a karya a ɗaki. Sun yarda a shiga fili da abincin gida, kwalba da giya ne ba a shiga da su. Da rana a sayi na kanta a raba. Zaman teburi biyu ya isa duk tafiyar, ɗaya da su Mickey saboda Auta, ɗaya kuma ki kai Hajiya Boma da ke Animal Kingdom Lodge, ɗebi da kanka ne na girkin Afirka, za ta sami abin da ya yi kama da miya. Wata ranar ku fita gari, wajen International Drive da Kissimmee akwai gidajen abincin halal na Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan, Dakta ya ci nama ya ƙoshi hankali kwance. Kar ki bar takwarata ta koma ba ta sha Dole Whip ba, mai kama da askirim ɗin nan na abarba, ki ce ni na saya mata.

Kin ji an sa ranar ƙanwar Shugaba? Bayan babbar sallah. Har an fitar da anko, leshi ruwan ƙasa, kuma wai an sa sunayenmu a jerin masu karɓa tun ba a tambaye mu ba. Ango kuwa ba kowa ba ne illa ɗan gidan mai chemist na bakin layinku, wanda kika ce ba zai taɓa yin hankali ba. Yanzu shi ke da shaguna a Kantin Kwari. Gwaggo ta kira ni tana ta guɗa a waya, ta ce in gaya maki in ba ki zo ba kar ki ƙara kiran ta uwa.

Daga nan zuwa Orlando tafiyar yini ce a mota, kuma Abban 'yan biyu ya riga ya ce zai nemi hutu. Ki turo min ranakun da zarar an tabbatar. Zan taho da kular tuwon shinkafa da miyar kuka, da zoɓo mai citta irin na Hajiya, ki gaya mata ta ajiye azumin nafila ranar. Ki tambayar min Dakta maganin nan da ya ce zai duba wa Ƙarama, har yanzu tarin yana tashinta da dare.

A shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Maman 'yan biyu