Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibin da ya yi tambaya kan shuɗin OLED

Assalamu alaikum.

A bainar jama'a ka yi tambayarka, don haka a nan za mu ba ka amsa. Cewa ka yi: tunda kowa ya san shuɗi ne ke fara dusashewa a allon OLED (irin allon waya da talabijin da ƙwayoyin sinadarai na kabon ke ba da haskensa), har fari ya riƙa komawa ruwan ɗorawa, me ya hana masana sinadarai su ƙera ƙwayar da ɗaurinta ya fi ƙarfi, kowa ya huta? Ƙarfin ɗauri yana cikin maganar, amma babbar matsalar ita ce daɗewar da kuzari ke yi a jikin ƙwayar kafin ya fita a matsayin haske.

Fara da lissafi. Jan haske mai tsawon zango na nanomita 620 yana ɗauke da kusan eV 2.0 (eV ma'aunin kuzari ne), kore kusan 2.3, shuɗi mai nanomita 460 kuwa kusan 2.7. Ɗaurin kabon da naitirojin, wanda da wuya ka sami ƙwayar OLED da ba ta da shi, yana tsinkewa ne tsakanin eV 3 zuwa 4, kuma yana ƙara rauni idan ƙwayar ta ɗauki ƙarin ilektiron. Ka ga ke nan shuɗi a bakin rami yake tun kafin a fara.

Idan ilektiron ya haɗu da gurbinsa a cikin shimfiɗar da ke ba da haske, ƙwayar kan riƙe kuzarin a ɗayan yanayi biyu: kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zama singilet, sauran ukun tirifilet. Singilet yakan saki haskensa cikin 'yan nanosakan. Tirifilet kuwa sai ya zauna, maikirosakan ko ma milisakan. Cikin wannan zaman ne yake cin karo da ɗan'uwansa ko da ƙwaya mai ɗauke da caji, kuzarin biyun ya taru kan ƙwaya ɗaya, ya haura eV 5. Yawancin karon yakan wuce lafiya, ya tafi a zafi. Jefi-jefi ne ɗauri ke tsinkewa, amma gutsuren da ya rage sai ya zama tarko mai haɗiye hasken maƙwabtansa. Binciken Giebink da Forrest na 2008 ya nuna lalacewar kimanin ƙwaya ɗaya cikin dubu ta isa ta cinye rabin hasken.

Shi ya sa ja da kore suka daɗe da komawa ƙwayoyin iridiyam masu cin moriyar tirifilet, hanyar da Forrest da Thompson suka buɗe a 1998, amma shuɗin da ke yawancin wayoyi har yanzu na singilet ne a cikin masaukin antirasin (masauki shi ne sinadarin da ake zuba ƙwayar mai ba da haske, wato baƙo, a cikinsa). Yana ɓarnar wuta, don ko an ceto wasu tirifilet ta hanyar haɗa su biyu-biyu, abin da ke zama haske ba ya wuce kashi 62.5 cikin ɗari, sai dai yana da tsawon rai.

To, ga mai zana ƙwayar. Kafin ka shiga ɗakin gwaji, lissafa ƙarfin kowane ɗauri a kwamfuta, a hali uku: ƙwayar ba caji, ta rasa ilektiron, ta ƙara ilektiron. Da yawa kan tsaya a na farko, su sha mamaki daga baya. Ɗaurin kabon da salfa, da na kabon da fosfaras, su ke fara ba da kai. Dalilin ke nan da ya sa masaukin DPEPO, mai ɗaurin kabon da fosfaras, ke ba da alƙaluma masu kyau a takarda, na'urar kuma ba ta jimawa. FIrpic, tsohon shuɗin iridiyam, fulorin ɗinsa ke ficewa, hannunsa na fikolinet kuma ya saki ƙarfen. Darasin da aka ɗauka shi ne a kulle ƙwayar: zobba a haɗe, ko filatinam da aka riƙe ta hannu huɗu na jiki ɗaya.

Sai rage zaman tirifilet, wanda a ganinmu nan ne aikin yake. A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu ya nuna cewa in tazarar singilet da tirifilet ta yi ƙanƙanta, kamar eV 0.1, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya mayar da tirifilet sama ya yi haske; ita ake kira TADF. Illarta, ƙwayoyin TADF da ake murɗe ɓangaren da ke bayar da ilektiron daga mai karɓarsa suna fitar da launi mai faɗin nanomita 70 zuwa 100, sai an ƙara musu kuzari kafin ido ya ga shuɗi sosai, abin da ake gudu ke nan. Takuji Hatakeyama ya zo da ƙwayar DABNA a 2016, boron da naitirojin cikin zobba marasa lanƙwasa. Wadda ta biyo baya a 2019 tana haske a nanomita 469 da faɗin 18 kacal a cikin na'ura. Launi ya yi tsab, amma juyar da tirifilet ɗinta na da jinkiri. Mafita ita ce raba aiki: ƙwaya ɗaya ta tattara tirifilet da sauri ta miƙa wa mai ba da hasken, wadda ake sa wa kusan kashi 1 cikin ɗari, a kewaye ta da manyan rassa irin tert-butyl don kada tirifilet ya faɗa mata kai tsaye.

Musanya haidirojin da diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, ma yana taimakawa, tunda ɗaurinsa da kabon ya fi wuyar tsinkewa. LG Display ta sanar da amfani da shi a ƙarshen 2021. Tsada ce kawai.

Kada kuma ka ɗora wa ƙwaya laifin gini. Dole tirifilet na masauki ya fi na baƙo kuzari, in ba haka ba kuzari ya koma baya. A 2014 rukunin Forrest ya sa yawan baƙon ya riƙa raguwa daga gefe ɗaya na shimfiɗar zuwa ɗayan, cunkoso ya bazu, rai ya ƙaru; da suka jera irin wannan na'ura biyu a kan juna, ya ninka sau goma ba tare da an canza ƙwayar ba.

Wajen gwaji, tace kayanka ta hanyar mayar da su tururi a cikin bututu marar iska, fiye da sau ɗaya, don ragowar buromin ko kulorin daga haɗi, ko danshin da ya maƙale a tukunyar shimfiɗawa, kan kashe na'ura da wuri. In za ka faɗi LT95, wato awannin da haske ya ɗauka kafin ya sauka zuwa kashi 95, faɗi hasken da ka fara da shi, galibi kandela 1000 a murabba'in mita, tare da ainihin launin. Shuɗi mai hasken sararin sama a nanomita 490 ba a gwada ransa da na 460.

Wassalam.