Mu Masu Jinyar Tsofaffi a Amurka, Wa Ke Jinyarmu?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku kan dokar inshorar lafiya ta Amurka, wadda ake kira Obamacare, na ga kun yaba mata ƙwarai. Ban ƙi yabon ba. Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu a watan Maris na 2010, kuma albarkacinta yau kamfanin inshora ba shi da ikon juya wa mutum baya don yana da ciwon suga ko hawan jini. Amma ku ji ta bakinmu, mu masu yi wa tsofaffi wanka.

Shekara tara ke nan ina kula da tsofaffi a gidajensu a nan Houston, jihar Texas. Da sassafe nake isa gidan wata baiwar Allah, in ɗago ta daga gado, in wanke ta, in canza mata kunzugu, in jera mata ƙwayoyin magani a ɗan akwatinta mai gurbi bakwai. Medicaid, shirin gwamnati na marasa ƙarfi, shi ke biyan kuɗin wannan hidima. Ni kuwa da ƙuguna ke ɗaukar nauyinta, Medicaid ɗin bai san da zamana ba.

Da farko dokar ta ce a faɗaɗa Medicaid ya haɗa duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. Sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa ba za a tilasta wa jihohi ba. Jihohi 40 sun karɓa, Texas da Florida da Jojiya suna cikin goman da suka ƙi. A nan Texas, mace mai lafiya da ba ta da ƙananan yara ba ta samun Medicaid komai talaucinta.

Wani zai ce ai dokar ta wajabta wa manyan kamfanoni, masu ma'aikata 50 zuwa sama, su yi wa ma'aikacinsu inshora. Haka ne, amma wanda ke yin awa 30 a mako. Kamfanin da ke tura ni aiki kullum a awa 28 yake tsayar da ni. Abokiyar aikina, haifaffiyar nan ce ma, bayanta ya riƙe wajen fito da wani dattijo daga bahon wanka. Samunta na shekara bai kai ma'aunin talaucin ba, don haka ko tallafin sayen inshora ba ta cancanta ba, domin tallafin na waɗanda samunsu ya kai ma'aunin ne. Da man zafi da ɗamara ta koma aiki bayan kwana uku. Wallahi na yi kuka ranar da na ga tana dafa bango kafin ta miƙe.

Yanzu ga sabuwar dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025, wadda ta ce a jihohin da suka faɗaɗa Medicaid, sai mutum ya nuna shaidar aikin awa 80 a wata kafin ya ci gaba da samunsa. Wannan zai shafi 'yan'uwanmu masu jinya a waɗancan jihohin, domin aikinmu ba ya tafiya da kalanda. In aka kwantar da tsohuwata a asibiti mako biyu, awoyina sun tafi, albashina ya tafi, ba da laifina ba.

Ina roƙon ku, in za ku sake rubutu kan wannan doka, ku sa wakilinku ya nemi irinmu a tashar bas da ƙarfe biyar na asuba, ya tambaye mu yaushe rabonmu da ganin likita.

Taku,
Mai karatu daga Houston, Texas