Kafin a ɗora wa yaro wayoyi a ka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, saboda wata talla da ke yawo a wayoyin mutanenmu daga Gusau zuwa Talata Mafara da Ƙaura Namoda, ta na'urar da ake cewa tana saita ƙwaƙwalwa. Za a nuna yaro da wayoyi a ka yana kallon kwamfuta, a ce da wannan an rabu da rashin natsuwa, da firgita, da rashin barci, har da farfaɗiya. A jihar da mutane da yawa suka ga abin da ba ya gogewa a zuciya a hannun 'yan bindiga, irin wannan haja ba ta kwantai. Akwai ilimi na gaske a ƙarƙashin abin, akwai kuma ƙarin gishiri, don haka gara a warware zare da abawa kafin wani ya sayar da buhun gero ya biya.

Sunan abin niyurofidbak, reshe ne na bayofidbak. Ma'anar duka biyun ita ce a auna wani aiki na jiki da mutum ba ya ji, a nuna masa shi nan take a allo ko da sauti, har ya koyi juya shi da kansa. Na'urar ba ta sa wa mutum wuta a ka. Saurare kawai take yi. Wannan ya bambanta ta da jinyar da ake yi da lantarki a asibitin ƙwaƙwalwa, wadda likita ke yi bayan an sa majinyaci barci, kuma bai kamata a riƙa cakuɗa su ba.

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara ɗaukar hoton kaɗawar wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, ya wallafa sakamakon a 1929. Wutar ƙarama ce ƙwarai. Abin da ke isowa fatar kai bai cika wuce maikurobolt 50 ba, wato batirin tocila guda ya fi ta ƙarfi sau 30,000. Ana rarraba ta bisa yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya: delta ƙasa da 4, ta barci mai nauyi; tita 4 zuwa 8, ta gyangyaɗi da tafiyar tunani; alfa 8 zuwa 12, wadda ke tashi idan mutum ya rufe ido yana farke; sai bita daga 13 zuwa 30, ta lokacin da hankali ke kan aiki. A shekarun 1960 wani mai bincike, Barry Sterman, a Kalifoniya ya koya wa kyanwoyi ƙara wata kaɗawa ta 12 zuwa 15 ta hanyar ba su madara duk lokacin da ta bayyana, daga baya aka lura waɗannan kyanwoyi sun fi jure wani sinadari mai jawo farfaɗiya. A 1976 wani mai binciken, Joel Lubar, ya gwada dabarar a kan yaro mai rashin natsuwa. Daga nan kasuwar ta buɗe.

Ga yadda zama na gaskiya yake. Za a auna kai da tef daga gindin hanci zuwa ƙashin da ya ɗan fito a ƙeya, a ɗauki rabi, a sake aunawa daga kunne zuwa kunne. Inda suka haɗu a tsakar kai shi ne wurin da aka fi amfani da shi ga yara. A tsaga gashi, a goge fatar da wani man gogewa mai ɗan kaushi, a ɗora ƙaramin faifan ƙarfe da man da ke ɗaukar lantarki, a maƙala wasu biyu a leɓen kunnuwa. Kafin a fara dole a duba cikas ɗin da lantarki ke samu tsakanin faifan da fata, wanda ake aunawa da kilo-om, ya kasance ƙasa da 5, in ya yi yawa kada ya wuce 10. Sai a ɗauki minti biyu ko uku ido buɗe, da wasu ido rufe, don sanin ma'aunin mutumin. Bayan haka a kunna hoto ko wasa da ke tafiya idan tita ta sauka bita ta ɗaga, ya tsaya idan abin ya juya. Ana saita mizanin yadda zai ci nasara kamar sau 7 cikin 10. In ya fi haka sauƙi ba abin da za a koya, in ya fi haka wuya yaro ya gaji ya watsar. Zama ɗaya minti 30 zuwa 45 ne, sau biyu ko uku a mako, kuma ga rashin natsuwa ana maganar zama 30 zuwa 40. Duk wanda ya ce zama uku sun isa, wata sana'ar yake yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, abubuwa da yawa suna shiga wayar su yi kama da ƙwaƙwalwa. Ƙifta ido yana fitowa kamar babbar kaɗawa mai jinkiri. Cije haƙora ko ɗaure fuska yana fitowa kamar bita, kuma yaro mai wayo yakan gano cikin minti kaɗan cewa in ya cije haƙori motar da ke allo tana gudu. Sai a yi zama 40 ana horar da muƙamuƙi. Gumi yana sa layin kaɗawar da ke fitowa a allo ya riƙa lilo, abin da ba a rasawa a ɗakin da babu iska a watan Afrilu. Man kitso da man kaɗe suna hana faifan kama fata, shi ya sa ake cewa a wanke kai a bar shi ba mai, mace kuma ta san za a buƙaci tsagar kitson ta faɗo daidai wurin. Sai babbar matsalarmu, wato wuta. Lantarkin ƙasar nan yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma janareta ko inbata mai arha ko cajar kwamfuta suna watsa ƙara da ta ninka ta ƙwaƙwalwa. Maganinsa a cire caja a yi aiki da batir, a kashe fanka ta kusa, a nisantar da wayar hannu. Goro da shayi mai kauri da taba kafin zama su ma suna canza ma'auni.

Akwai gwaji mai sauƙi da uba zai iya nema. A ce a nuna masa ɗanyen layin da ke fitowa daga kai, ba wasan kwamfutar ba. A ɗora faifan wajen ƙeya, yaro ya rufe ido: ga yawancin mutane alfa za ta tashi a fili, ya buɗe ta kwanta. Ya ƙifta ido, ya cije haƙori, layin ya hargitse. In allon bai damu da ko ɗaya ba, to ba kan yaron yake karantawa ba. Wannan gwajin zai kuma raba ka da na'urorin nan da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe a hannu, cikin minti ɗaya a zayyano masa ciwon hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Waɗannan ba su da alaƙa da abin da nake bayani.

To, yana aiki? Iyaye da dama sukan ce sun ga sauyi. Amma da aka yi gwajin da ba yaro ko iyaye ko mai aunawa da ya san wa ke kan na gaske wa ke kan na bogi, sai labari ya sha bamban. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2021, mai yara sama da 140 da zama 38, ya nuna dukkan ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, kuma na gasken bai fi na bogin ba a babban abin da aka auna. Wato zaman da yaro ke yi tsit, da kulawar babba, da yabon da yake samu, su ne ke ɗauke da kaso mai yawa na amfanin. Ga firgitar bayan tashin hankali an yi ƙananan gwaje-gwaje masu ba da fata, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 jinyar tattaunawa da ke fuskantar abin da ya faru ta ba da shawara. Ga tsananin baƙin ciki da taɓin hankali irin mai jin muryoyi kuwa, babu hujjar da za ta sa a ajiye magani.

Abin da ya fi damuna a Zamfara shi ne a ɗauki na'urar a matsayin mai gano ciwo. Yaron da ba ya natsuwa a aji yana iya zama ba ya ji sosai, ko jininsa ya yi ƙasa, ko yunwa ce, ko ba ya barci tun daren da aka shiga garinsu. Yana iya zama ƙaramar farfaɗiya ce, wadda yaro ke ƙura ido na 'yan daƙiƙu ya dawo, ana cewa iska ce ko sakarci. Kuma kada a manta da 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo. Dalma tana taɓa hankali da ɗaukar karatu, kuma da gwajin jini ake gano ta. Ba adadin zaman kwamfuta da zai fitar da ita daga jiki. Mai farfaɗiya kuma da aka ce ya daina shan maganinsa farat ɗaya saboda an fara horo, yana iya faɗawa cikin faɗuwar da ba ta yankewa, wadda ke kisa.

Ɓangaren da nake ganin ya dace da aljihunmu shi ne na numfashi da bugun zuciya. Idan mutum ya ja numfashi zuciya takan ɗan ƙara sauri, idan ya sake ta lafa. Wannan hawa da sauka yana kai maƙura idan numfashi ya koma kusan sau 6 a minti, domin a nan ne yake haɗuwa da tsarin da jiki ke daidaita hawan jini da shi. A asibiti ana ɗaura ɗamara mai auna bugu a ƙirji ko a maƙala wani abu a yatsa, a gwada numfashi sau 6.5, 6, 5.5, 5 da 4.5 a minti, kowanne na minti biyu, a zaɓi wanda ya ba da kaɗawa mafi faɗi da santsi. Babu na'ura ma ana iya kusantar haka. A zauna da baya a miƙe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a ƙirji, a ja ta hanci daƙiƙa 4 ciki na ɗagawa, a sake a hankali daƙiƙa 6 ta leɓe a tsuke. Mai carbi ya ja ƙwaya ɗaya duk numfashi: 33 sun ba shi minti biyar da rabi, 99 sun ba shi sha shida da rabi. Tsarin da aka saba shi ne minti 20 sau biyu a rana har mako 10, amma a fara da biyar. Bayan asuba da bayan isha sun fi sauƙin riƙewa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne zuƙar iska da yawa. Numfashin a hankali ake so, ba mai cika ƙirji ba. In ka zuƙa fiye da kima, iskar kabon da ke jini tana raguwa, sai jiri, da tsikarin yatsu da leɓe, da bugun ƙirji, wato ainihin abin da ake gudu. In hakan ta faru a rage zurfi, ko a koma sau 8 a minti a sauko sannu cikin mako biyu. Yara ƙanana ba a tilasta musu 6, saurinsu ya fi haka. Wanda ya tsira daga hari ko garkuwa kada a ce ya rufe ido. Shiru da rufe ido sukan dawo masa da hoton abin. Ya bar idonsa buɗe, bayansa jikin bango, yana ganin ƙofa, minti biyu kacal da farko, kuma da wani da ya amince da shi kusa. Mai bugun zuciya marar tsari, da mai ciwon suga da ya daɗe, da mai shan wasu magungunan hawan jini ko na damuwa, lambobinsu a na'ura sukan fito ƙasa, don haka likita ya fara gani.

Akwai kuma na ɗumin yatsa, inda ake manna ƙaramin ma'aunin zafi a yatsa don fargaba tana sanyaya hannu, a koyi kai shi wajen digiri 35, da na tsokar goshi da kafaɗa don ciwon kai na damuwa. Duka biyun suna da hujja mai kyau a kan ciwon kai. Sai dai na yatsan ba ya faɗin gaskiya a ɗakin da ya yi zafin bazara ko sanyin hunturu.

Duk wannan ƙari ne a kan jinya. Wanda ya daina ci da barci, ko yake maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya faɗa tiramadol, asibiti ne wurinsa a ranar: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato. Addu'a ba ta hana zuwa, zuwan ma ba ya hana addu'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani kafin ya amince da jinya. Don haka mai zuwa wajen masu na'ura ya tambayi lasisin mai aikin da hukumar da ta ba shi, da wane ciwo likita ya gano kafin a fara, da jimillar kuɗin zama 40 ba na zama ɗaya ba, da abin da za a auna a zama na 15 don a san ko a ci gaba ko a tsaya. Abin aunawar ya zama na rayuwa, kamar awa nawa yake barci da abin da malamin aji ya rubuta, ba launin da ya canza a allo ba.

Ina kuma roƙon ka, Malam Edita, idan irin wannan talla ta zo teburinka, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ya duba kalmominta kafin a buga, musamman duk wadda ta ambaci farfaɗiya ko barin magani.

Wassalam.

Mai karatunku,
ma'aikacin lafiya daga Gusau, Jihar Zamfara