Bikin Ati-Atihan na Filifin da mutanen da ake yinsa da sunansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wani biki da ake yi a ƙasar Filifin, wanda hotunansa kan cika kafafen yaɗa labarai a duk watan Janairu, amma ba kasafai ake bayar da labarin mutanen da aka raɗa wa bikin sunansu ba. Bikin shi ne Ati-Atihan, ana kuma yinsa a garin Kalibo, hedkwatar lardin Aklan da ke tsibirin Panay, inda ake shafe kwanaki ana kiɗa da rawa a kan tituna har a kai ga babbar ranar, wato Lahadi ta uku a watan Janairu. Masu rawar sukan shafe fuskokinsu da jikinsu da baƙin tukunya, su sa ado na gashin tsuntsaye da duwatsun wuya, su bi bayan maganga suna ta kirarin "Hala bira", baƙi daga sauran sassan ƙasar da ƙasashen waje kuma suna shiga cikin jerin gwanon ba tare da an hana kowa ba. Ma'anar sunan bikin a harshen mutanen yankin ita ce kwaikwayon Ati, ko mayar da kai kamar Ati, kuma a nan ne maganata take.

Ati reshe ne na al'ummar da ake kira Aeta ko Ayta ko Agta, gwargwadon yankin da suke zaune. Mutane ne baƙaƙe, masu murɗaɗɗen gashi, waɗanda galibinsu ba su da tsawo, shi ya sa Turawan Sifaniya da suka mulki ƙasar fiye da shekara 300 suka laƙaba musu sunan Negrito, wato ƙananan baƙaƙe. Masana sun yi ittifaƙi cewa kakanninsu na cikin mutanen farko da suka zauna a waɗannan tsibirai, tun shekaru dubbai masu yawa kafin zuwan kakannin mafi yawan 'yan Filifin na yau. Ana samun su a lardunan Zambales da Pampanga da Tarlac da Bataan a tsibirin Luzon, su kuma Ati suna Panay da tsibiran da ke kewaye da shi. A yankin Luzon har yau ana rarrabe mutane da kalmomi biyu, "kulot" ga masu murɗaɗɗen gashi da "unat" ga masu miƙaƙƙen gashi, kuma duk wanda ya san yadda ake zaune a can ya san wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa.

Labarin da ake bayarwa game da asalin bikin yana da daɗin ji. An ce a ƙarni na 13 wasu sarakuna goma sun gudo daga Borneo saboda zaluncin mai mulkinsu, suka sauka a Panay, suka tarar da sarkin Ati mai suna Marikudo, suka sayi filayen bakin teku daga hannunsa da malfar zinariya da kuma sarƙar wuya da suka ba matarsa, su kuma Ati suka koma kan duwatsu. An ce baƙin sun shafa baƙi a fuskokinsu don nuna zumunci ga masu masaukinsu, aka yi shagali tare. Wannan labari ya yaɗu ne bayan wani marubuci mai suna Pedro Monteclaro ya buga shi a littafi a shekarar 1907, kuma masanin tarihi William Henry Scott ya nuna a 1968 cewa littafin ba tsohuwar takarda ba ce ta zamanin da, tarin labaran baka ne da marubucin ya tsara. Ni ban ga laifi a ce al'umma tana da tatsuniyar asalinta ba. Abin da ke damuna shi ne aikin da wannan tatsuniya take yi, domin tana koya wa kowane yaro a Panay cewa Ati sun sayar da ƙasarsu da yardarsu, an biya su, magana ta ƙare. Wanda aka raine shi da wannan labari da wuya ya ga wani haƙƙi da ya rage a kansa idan ya ga mace 'yar Ati da goyo tana bara a bakin titin da ake rawar.

Daga baya bikin ya ɗauki rigar addini. A yau ana yinsa ne don girmama Santo Niño, wato siffar Yesu yana ƙaramin yaro, wadda mabiya ɗarikar Katolika a Filifin suke darajawa ƙwarai tun lokacin da Magellan, Bature jagoran ayarin jiragen ruwan Sifaniya, ya ba matar sarkin Cebu irinta a 1521. Ba ni da ta cewa a kan ibadar mutane, kuma na yarda cewa da yawa daga masu rawar suna yi ne da zuciya ɗaya, wasu ma don cika alwashin da suka ɗauka. Haka kuma ba zan musa cewa garin Kalibo yana cin moriyar bikin ba: masu masauki da masu abinci da direbobi da masu ɗinkin kayan ado duk suna samun abin rufin asiri a wannan mako, birnin Iloilo ma ya kafa nasa bikin mai kama da shi, Dinagyang, wanda ake yi mako guda bayan na Kalibo. Tambayar ita ce nawa ne daga wannan alheri yake isa hannun waɗanda ake kwaikwayon launin fatarsu.

Amsar tana nan kusa, a cikin lardin Aklan ɗin kansa. Tsibirin Boracay, wanda ya yi suna a duniya saboda farin yashin bakin tekunsa, yana ƙarƙashin wannan lardi, kuma Ati ne mazaunansa na asali. Faɗin tsibirin ya kai kimanin hekta 1,000, baƙin da suka ziyarce shi a 2017 sun kai wajen miliyan 2. A shekarar 2011 hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta Filifin ta ba Ati takardar mallakar filin kakanninsu a Boracay, filin kuwa hekta 2.1 ne kacal. Ko wannan ɗan abin bai zo musu da sauƙi ba, domin wasu masu hannu da shuni sun yi ta da'awar cewa filin nasu ne. Ranar 22 ga Fabrairu, 2013, aka harbe Dexter Condez, matashi ɗan shekara 26 wanda shi ne kakakin Ati a kan maganar filin, yana kan hanyarsa ta komawa gida bayan wani taro. Wata guda ke nan da kammala bikin Ati-Atihan na wannan shekarar, a lardi ɗaya. A 2018, shekarar da gwamnatin Rodrigo Duterte ta rufe tsibirin na wata shida don tsabtace shi, an ƙara musu wasu filaye a ƙarƙashin shirin rabon gonaki, amma ba a yi shekara shida ba aka soke wasu daga cikin takardun bisa hujjar cewa ƙasar ba ta dace da noma ba.

Malam Edita, 'yan uwansu na Luzon ma ba su tsira ba, sai dai nasu bala'in ya faro ne daga dutse. Dutsen Pinatubo shi ne mazaunin Aeta tun kaka da kakanni, a can suke farauta da noman doya da ayaba, kuma a imaninsu na gargajiya can ne mazaunin abin bautarsu, Apo Namalyari. Bayan ya yi shiru na kusan shekara 500, dutsen ya yi aman wuta ranar 15 ga Yuni, 1991, aman da ake lissafa shi a matsayin na biyu mafi girma a ƙarni na 20, har tokarsa ta rage zafin duniya da kimanin rabin digiri na wani lokaci. A ranar ce kuma wata guguwa mai ruwan sama ta ratsa yankin, ta jiƙa tokar ta yi nauyi ta rinƙa rusa rufin gidaje. An kwashe dubban Aeta zuwa sansanoni a ƙasan dutsen, inda cutar ƙyanda da gudawa suka kashe ɗaruruwa, akasarinsu yara, saboda ba su da rigakafi. Shekaru bayan haka malalar taɓo da toka ta ci gaba da binne gonaki da koguna duk damina. Mutanen da suka san kowane ganye da kowace jijiya a daji, waɗanda sojojin Amurka da ke sansanin Subic suka riƙa ɗauka su koya musu dabarun rayuwa a kurmi a zamanin yaƙin Biyetnam, sai ga su a layin karɓar shinkafar agaji.

Yau ramin da aman wutar ya bari ya zama tafki mai kyan gani, kuma yana cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi zuwa a Luzon. Ana ɗaukar su a motocin jif daga Capas da ke lardin Tarlac, a ratsa kwarin toka, sannan a ƙarasa da ƙafa. Aeta suna cikin wannan harka, amma galibi a matsayin 'yan jagora da masu ɗaukar kaya da masu tallar 'yan tsarabobi, yaransu kuma su tsaya a ɗauke su hoto. A watan Afrilun 2025 wasu daga cikinsu sun tare hanyar zuwa tafkin suna neman a ba su kaso mai ma'ana daga kuɗin da ake samu a ƙasar kakanninsu. A wannan gari na Capas ne kuma aka gina sabon birnin Clark, wanda ya karɓi wasu daga wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2019, aikin da ya jefa ƙauyukan Aeta na yankin cikin fargabar tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙasar ba ta rasa doka ba. A 1997 majalisar Filifin ta zartar da dokar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa, mai lamba 8371, wadda ta amince da mallakarsu a kan filayen kakanninsu, ta kafa hukumar da za ta ba su takardun shaida, ta kuma wajabta cewa kafin a yi wani aiki a filinsu sai an yi musu cikakken bayani sun amince ba tare da tilas ba. Doka ce mai kyau a rubuce, kuma a ƙarƙashinta ne Aeta na Zambales suka sami takardar mallakar kusan hekta 16,000 a ɓangarensu na Pinatubo. Sai dai neman takardar yakan ɗauki shekaru, yana buƙatar awon fili da shaidu da zirga-zirgar ofisoshi, ga mutanen da da yawansu ba su ma da takardar haihuwa, alhali wanda yake ja da su yana da lauya da kuɗin mota. Idan kuma an samu takardar, ba ita take tsare fili ba sai akwai hukumar da ta tsaya a bayanta.

Ba ina kira da a daina bikin ba ne, kuma ba hurumina ba ne in yi wannan kiran. Akwai 'yan Ati da suke shiga jerin gwanon da kansu suna alfahari da shi, akwai kuma limaman coci da mata masu zaman zuhudu da suka daɗe suna tsaya wa Ati na Boracay a kan maganar filinsu. Ra'ayina shi ne duk wanda ya ce yana karrama wasu mutane, to a duba abubuwa uku a hannunsu: ko suna da kujera a kwamitin da ke tsara bikin, ko akwai wani kaso sananne na kuɗin shiga da ake warewa don makarantunsu da asibitocinsu, da kuma ko ƙasar da suke kwana a kanta tasu ce ba mai tashinsu. Harshensu ma, wanda ake kira Inati, masu magana da shi sun ragu ƙwarai har ana sa shi cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa, kuma kaɗan daga abin da ake kashewa a kan kayan ado na mako guda zai isa a buga littattafan karatun yara da shi. Cewa sai a 2017 aka sami ɗan Aeta na farko, Norman King, da ya kammala Jami'ar Filifin reshen Manila, har abin ya zama labarin ƙasa, ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin waɗannan mutane da ƙofar makaranta.

Maganar shafa baƙi a fuska kuwa, na san ana jayayya a kanta a cikin Filifin ɗin kanta. Wasu suna cewa alamar zumunci ce da aka gada, ba ta da alaƙa da wasannin izgilin da aka yi wa baƙar fata a Amurka, wasu kuma suna cewa niyya ba ta goge zafin abin ga wanda ake yi da kamanninsa. A ganina waɗanda suka fi cancanta su yanke wannan hukunci su ne Ati da kansu, domin mai rawa yakan wanke fuskarsa da sabulu ranar Litinin ya koma ofis, shi kuwa ɗan Ati da wannan fatar zai je neman aiki, da ita kuma za a yi wa ɗansa dariya a aji.

Don haka roƙona ga wannan jarida shi ne, idan Janairu ta zagayo kuka tashi buga hotunan Kalibo a shafin labaran duniya, ku haɗa da 'yan layuka a kan su wane ne Ati, da hekta 2.1 ɗin da aka ba su a Boracay, da sunan Dexter Condez da ranar da aka kashe shi. Zan kuma so wakilinku mai bin labaran Asiya ya bibiyi inda maganar filayen da aka soke takardunsu ta kwana, da abin da hukumomin Tarlac suka yi game da koken masu tare hanyar Pinatubo, ya kawo mana rahoto.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu a kullum