Wasiƙa zuwa ga ɗana mai noman tumatir a Akumadan

Aboabo, Kumasi

Ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Akwatin tumatir da ka aiko ta hannun direba ya iso, mahaifiyarka ta rarraba wa maƙwabta har gidan liman. Allah ya yi maka albarka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da ƙanenka ya dawo daga wurinka, cikin hira ya ce ya gan ka kana feshi da tsakar rana, daga kai sai singileti da silifas, injin feshi yana yoyo a gadon bayanka har wando ya jiƙe. Wai da bakin injin ya toshe sai ka kwance shi, ka kai baki ka hura. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Ba ka yi wayo ba lokacin da ni da baffanka marigayi muke aikin lebura a gonar koko wajen Tepa. Shi ma da hannu yake dama magani a bokiti, yana cewa jikinsa ya saba. Wata ranar Alhamis ya dawo bukka yana tangaɗi, gumi na tsattsafo masa, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Muka rikice, muka ɗura masa manja wai ya karya dafin. Da muka kai shi asibiti, abin da likita ya fara tambaya shi ne ina kwalbar, mu kuwa mun bar ta a gona. Ya kuma yi mana faɗa kan manjan, ya ce ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu kan iya sarƙe shi ya shiga huhu. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa hannunsa bai daina rawa ba. Kofin shayi ma sai da hannu biyu yake riƙewa. Babu jikin da yake sabawa da guba, Sani. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba, balle fatar da ta jiƙe da gumi.

Na san zafi ne yake sa ka tuɓe riga. To ka yi feshinka bayan asuba ko da la'asar sakaliya, iska tana bayanka, kana sanye da riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, hanci da baki a rufe. Safar hannu ta roba za ka sa, ta yadi shanye maganin take yi. Bakin inji in ya toshe, tsinke da ruwa sun isa. Kada goro ko abinci ya shiga bakinka sai ka yi wanka da sabulu. Kayan feshin kuma ka wanke abinka da kanka, kada maiɗakinka ta haɗa su da na yara.

Wajen saye ma ka buɗe ido. A kusa da kasuwar Kejetia na sha ganin ana tsiyaya magani a gorar ruwa ana sayarwa da araha, ba suna ba takarda. Ka guje shi. Ka sayi mai hatimi, wanda hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa rajista, ka duba launin da ke gindin takardar: ja ya fi kowane haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Maganin ciyawan nan mai paraquat, irin su Gramoxone, ba shi da makari, kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum. Saboda haka kada ya kwana a ɗakinku. Ka samu akwati mai kwaɗo a waje, tunda ƙaramar jikata ta fara rarrafe. Galan in ya ƙare, ka ɗauraye shi sau 3, ka juye ruwan cikin injin, ka huda gindinsa don kada wani ya mai da shi na ruwan sha ko na alwala.

Tun 1985 Ghana ta hana amfani da maganin ƙwari na DDT a gona, amma binciken da aka buga a 2001 ya samu burbushinsa a jinin mutane da nonon mata masu shayarwa a nan Akumadan ɗin da kake. Ka ga yadda abin yake daɗewa a jikin ɗan Adam.

Saura maganar da ta fi min nauyi. Na san al'adar wasu: in ’yan kasuwa za su zo da mota gobe, yau sai a yi feshi don tumatir ya yi sheƙi, wani ma da maganin koko yake yi. Kowace kwalba akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinka. Akwatin da ka aiko, mahaifiyarka ta yi miya da shi, ’ya’yan liman sun ci ɗanye da gishiri. Ban tambaye ka yaushe ka fesa shi ba, amma tun da na ji labarin nan zuciyata take tambaya. Wanda ya sayi tumatir ɗinka amana ya ba ka, kuma haƙƙin wanda ba ka sani ba ya fi wuyar biya, don ba ka san inda za ka nemi yafiya ba.

Na sayi takalmin roba da safar hannu guda 2 da abin rufe hanci, direba zai kawo maka ranar Juma'a. In takalmin ya matse ka, ka maido a canza. Ka gyara yoyon injin kafin ka sake goya shi, in kuɗin ne babu ka faɗa min. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Ni ne,
Mahaifinka